Shago a lungu: abin da ke hana Google ganin shafukanmu na Damagaram

Wani dattijo baduku a unguwar Birni, can bayan fadar Sarki, ya aiko jikansa ya kira ni wata ranar Laraba bayan la'asar. Na same shi a zaure, jar fata shimfiɗe a cinyarsa, jakunkuna da takalma da kube suna rataye a bango, tumtum biyu a kusurwa. Bayan mun gaisa ya miƙo mini waya. "Ɗana, duba mini wannan abu. Wata 8 ke nan da na biya jaka 150 aka yi mini shafi a intanet. An ce da ni ƴan Yamai da ƴan Kano, har Turawa, za su riƙa ganin kayana. Wallahi ko wanda ya yi ɓatan lamba bai taɓa kirana ta dalilinsa ba."

Shafin kuwa ba laifi, ya yi kyau a ido. Na buɗe Google na rubuta site: na liƙa masa adireshin shafin ba tare da barin fili ba, wato yadda ake tambayar Google ko yana da wani abu na wannan adireshi a ajiyarsa. Babu ko ɗaya. Na karɓi kalmar sirri a wurin jikan na shiga ɗakin sarrafa shafin, wanda da manhajar WordPress aka gina shi. A cikin saitin akwai wani ɗan akwati da ke roƙon injunan bincike kada su ajiye shafin. Masu gini kan latsa shi lokacin aiki don kada duniya ta ga gini bai ƙare ba. Wanda ya yi wa tsohon aiki ya latsa, ya karɓi kuɗinsa, ya manta. Na ce, "Baba, an gina maka shago an zuba kaya, sai dai an bar ƙofar a garƙame, an kuma rubuta a jikinta kada kowa ya leƙo." Ya yi shiru, can ya ce, "To, buɗe." Buɗewar ba ta ci minti 1 ba.

Da a nan matsalar ta tsaya, da ban ɗauki alƙalami ba. Bayan ƴan kwanaki shafin ya shiga Google, amma wayar tsoho ta ci gaba da barcinta. Abin da ya biyo baya shi ne ainihin aikin da ake kira SEO, masu Faransanci su ce référencement: gyara shafi yadda injin bincike zai gane shi, ya kuma ga ya cancanci a nuna wa mai nema. A ganina, yawancin abin da ake faɗa wa masu shafuka a garin nan kan wannan aiki, ko dai tsohon yayi ne, ko kuma romon bakan ƴan damfara.

Ni na fi gane Google idan na ɗauke shi dillali. Baƙo ya sauka a Kasuwar Dole ya ce yana neman kayan doki. Dillali bai mallaki ko linzami ba, jarinsa kawai ya san rumfar kowa, ya kuma san wanda ba zai kunyata shi ba. In ya kai baƙo inda aka cuce shi, gobe baƙon wani dillali zai nema. Aikin wannan dillali hawa uku ne. Akwai yawo: wata manhaja mai suna Googlebot tana bin mahaɗai, wato wuraren da ake latsawa a wuce wani shafi, daga shafi zuwa shafi dare da rana. Akwai ajiya: abin da ta karanta a tantance shi a zuba a wani makeken rumbu. Sannan akwai jerawa: idan mutum ya yi tambaya, a zaƙulo daga rumbun abin da ya fi dacewa a sa a gaba. Kowane hawa da irin ciwonsa, kuma maganin wani ba ya yi wa wani. Ciwon baduku na farko a ajiya yake. Wasu tun a yawo ake tare su, domin akwai wani ɗan fayil mai suna robots.txt, tsarin da aka fara tun 1994, wanda layi ɗaya na kuskure a cikinsa ya isa ya kori ɗan aiken Google daga shafi gaba ɗaya. Duk waɗannan ana ganinsu kyauta a Search Console, wurin da Google ke gaya wa mai shafi abin da ya ajiye, da abin da ya ƙi ajiyewa, da dalili. A nan ne kuma ake miƙa masa taswirar shafi, wato jerin duk ɗakunan da ke cikinsa, don kada ya tsallake wani ɗaki. Cikin masu shafukan da na zauna da su a Damagaram, waɗanda suka taɓa buɗe shi ba su cika yatsun hannu ɗaya ba.

A bambanta wani abu tun da wuri. Sakamakon da ke fitowa can sama da alamar talla, wannan saye ake yi, kuma ranar da kuɗi ya ƙare ya ɓace. Sauran jerin ba a sayensa, kuma biyan kuɗin talla ba ya ɗaga shafi a cikinsa.

Da muka zauna da jikan muka bi shafin ɗaki-ɗaki, sai ciwo na biyu ya bayyana. Taken shafin farko, wato layin nan da ke fitowa da manyan haruffa a sakamakon bincike, kalma ɗaya ce: Accueil, wato maraba da Faransanci. Ƙarƙashinta wani dogon Faransanci mai ƙamshin ofis, ana yabon ƙwarewa da gadon kakanni. Babu kalmar jaka, babu takalmi, babu farashi, ko sunan garin babu. Hotuna 40, kowanne sunansa irin IMG_2041, ba a rubuta komai a kansa ba. Dillalin nan da rubutu ya fi gane kaya. An nuna masa rumfa, ba a gaya masa abin da ake sayarwa ba.

Sai na juya wurin tsohon. "Baba, idan mai saye ya shigo zauren nan, me yake tambayar ka?" Bai ko yi tunani ba. Fatar akuya ce ko ta tunkiya? Rinin yana zuba in ruwa ya taɓa? Nawa ne? In na ba da aiki kwana nawa zai ɗauka? Ana iya sa wa a mota zuwa Yamai? Ana rubuta sunan amarya a jiki? Ya yi kusan rabin awa yana bayani, har da yadda ake gane fatar da ta jimu da wadda aka yi wa gaggawa. Jikan yana rubutawa. Wannan rabin awar ta fi duk abin da jaka 150 ta saya, domin tambayoyin da ake yi a zaure su ne ake yi wa Google, kuma amsarsu ba ta ko'ina a intanet sai a bakin wannan tsoho. Muka raba kayan: jakunkuna da shafinsu, takalma da nasu, tumtum da nasa, kowanne da take mai faɗin abin da yake da inda yake, da farashi, da bayanin kowane hoto a rubuce.

Nan ne muka ci karo da abin da ya sa lamarinmu ya bambanta da na mai shago a Faris ko Legas, wato harshe. Mai neman kayan Damagaram ba mutum ɗaya ba ne. Ma'aikacin wata ƙungiya da ke Yamai da Faransanci zai rubuta, ya ce Zinder. Ɗan kasuwar Kano ko Daura zai rubuta Hausa ko Ingilishi, kuma mai yiwuwa Damagaram zai ce. Ɗan gari da ya yi lakwal kuwa Hausar zai rubuta, amma da ƙa'idar Faransanci. Shi ya sa abu ɗaya yake da fuska biyu ko uku: kilishi da kilichi, cuku da tchoukou, Hausa da Haoussa, Mirriya da Mirriah. Ga kuma haruffa masu ƙugiya. A wurin kwamfuta ƙ harafi ne daban da k, haka ɗ da d, haka ɓ da b, kuma yawancin mutane ba sa wahalar da kansu neman ƙugiya a waya. Mu a Nijar ƙa'idarmu ƴ ce, a Nijeriya kuma 'y suke rubutawa. Google yana ƙoƙarin haɗa irin waɗannan, tun ma ba daga 2019 ba da ya shigo da tsarin BERT mai duba ma'anar jimla gaba ɗaya, amma ƙwarewarsa a Hausa ba ta kama ƙafar ta Ingilishi ko Faransanci ba, saboda abin da ya karanta na Hausa kaɗan ne. Kowa na iya gwadawa: a rubuta kalma da ƙugiya, a sake rubuta ta babu, a dubi abin da ya fito.

Mutane kan kauce ta gefe biyu a nan. Wasu sai su ce tunda Faransanci ne harshen boko, da shi kaɗai za a rubuta, su yi asarar kasuwar da ke kudu da mu, alhali Kano ta fi Yamai kusa da Damagaram nesa ba kusa ba. Wasu kuma su cakuɗa harsuna uku a shafi ɗaya, jimla Hausa jimla Faransanci, su jera duk rubutun kalma a ƙasa kamar lissafin bashi. Abin da na ga ya fi aiki shi ne kowane harshe da shafinsa da adireshinsa, a haɗa su da alamar hreflang wadda ke gaya wa Google cewa wannan ɗan'uwan wancan ne a wani harshe. A shafin Hausa a rubuta Hausa ta ƙwarai da ƙugiyoyinta, domin mai karatu ya fi ganin mutuncin rubutun da aka kula da shi. Ɗaya rubutun kalmar a ambace shi sau ɗaya inda ya dace, kamar a ce kilishi, wanda wasu ke rubutawa kilichi. Adireshin shafi kuwa a bar shi da haruffa marasa ƙugiya, domin idan aka kwafe shi zuwa wani wuri ƙugiyar takan rikiɗe ta koma tarkacen alamomi da lambobi.

Ƙarancin rubutun Hausa da na ambata, ni ban ɗauke shi abin kuka kaɗai ba. Wanda ke son fitowa a sahun gaba da kalmar "jakar fata" a Ingilishi, da manyan kamfanonin duniya zai yi kokawa. Wanda ya rubuta cikakken bayani da Hausa kan yadda ake aika kaya daga Damagaram zuwa Agadas, ko takardun da ɗalibi ke buƙata kafin rajista a Jami'ar André Salifou, ko lokacin da ake hawan Sallah da inda baƙo zai tsaya ya yi kallo, sau da yawa fili zai tarar babu kowa. Google da kansa ya ce kashi 15 cikin 100 na tambayoyin da ake yi masa kullum bai taɓa ganin irinsu ba. Mutane ba kalma ɗaya suke jefawa ba, doguwar tambaya suke yi, irin wadda za su yi wa maƙwabci. Mai ƙaramin shafi a waɗannan dogayen tambayoyi rabonsa yake. Gano su ma ba ya buƙatar manhajar kuɗi: a fara rubuta kalma a Google a ga abin da yake cikasawa, a kuma koma saƙonnin WhatsApp na abokan ciniki a ga abin da suka fi maimaitawa.

Sai kuma dabarun ƴan wayo, waɗanda ke zuwa mana a makare kamar gwanjo. Har yanzu akwai masu cika wa mutum wani ɓoyayyen fili da ake kira meta keywords da kalmomi 200 su ce sun yi masa aiki, alhali tun 2009 Google ya bayyana cewa ba ya duba wannan fili wajen jera shafuka. Akwai masu maimaita kalma ɗaya sau 30, otal Zinder, otal mai araha Zinder, Zinder otal, har rubutun ya koma sambatu. Akwai masu rubuta farin rubutu a kan farin fili don injin ya gani mutum kada ya gani. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma waɗanda suka fi mu ƙarfi sun faɗa. A 2006 Google ya cire shafin kamfanin motoci na BMW na Jamus daga ajiyarsa na ɗan lokaci, saboda ana nuna wa injin wani abu, a nuna wa mutane wani. A 2011 jaridar New York Times ta bankaɗo yadda babban kantin J.C. Penney na Amurka ke fitowa na farko a tarin kalmomi ta hanyar mahaɗan bogi, Google ya tunkuɗa shi can baya. A shekarar ce kuma aka fito da sauyin da ake kira Panda, wanda ya daki shafuka masu rubutun shara da na kwafe, a 2012 kuma Penguin ya biyo baya ya daki masu mahaɗan saye.

Batun kwafe ya shafe mu ƙwarai, musamman masu shafukan labarai. Yaro zai buɗe shafi, kullum ya kwaso labaran manyan gidajen rediyon waje masu sashen Hausa ya liƙa, sannan ya yi mamakin me ya sa ba ya fitowa. To me zai sa dillali ya kai baƙo wurin mai sari, ga mai kayan a zaune? Idan rubutu ɗaya yana wurare da yawa, Google ɗaya yake zaɓa ya nuna, kuma da wuya ya zama na mai kwafe. Yaron nan da zai fita da wayarsa ya rubuto farashin gero da wake a kasuwa duk mako, ko halin da ake ciki kan ruwan famfo unguwa-unguwa lokacin bazara, da ya mallaki abin da manyan gidajen ba su da shi.

Mahaɗai suna buƙatar a ɗan tsaya a kansu, domin a kansu aka kafa Google. Larry Page da Sergey Brin suna ɗalibai a Jami'ar Stanford suka fito da dabarar PageRank, suka kafa kamfanin a 1998. Dabarar ita ce a ɗauki kowane mahaɗi daga wani shafi zuwa naka a matsayin shaida, kuma shaida ba nauyinta ɗaya ba. Duk wanda ya taɓa zuwa binciken aure ya san wannan. Idan limamin unguwa ya ce yaron kirki ne, maganarsa ta fi ta samari 20 da ke shan shayi da yaron a fada. In kuma aka gano cewa samarin biyan su aka yi, shaidar tasu ta koma tuhuma. Saƙonnin nan da ke shigowa masu cewa za a ba ka mahaɗai 1,000 a kan ƴan daloli, samarin haya ne. Mafi sauƙin abin da zai faru shi ne Google ya yi watsi da su kuɗinka ya tafi a banza, mafi muni kuma ya hukunta shafin. Shaidar gaske a hankali take zuwa, kuma ta hanyar da muka saba: gidan rediyon gari ya yi hira da kai ya sa adireshinka a shafinsa, ƙungiyar masu sana'a ta lissafa ka cikin mambobinta, otal ɗin da ke aiko maka baƙi ya ambace ka, wani matafiyi ya rubuta labarin zuwansa zaurenka. Biyar irin waɗannan sun fi dubun can. Haka kuma duk wanda ya ce maka zai sa ka na ɗaya a Google cikin mako 2, ka riƙe aljihunka. Google ya rubuta ƙarara cewa babu mai iya ba da wannan tabbaci. Abin da suke yi shi ne su sa ka na ɗaya a kan cikakken sunan shagonka, wanda dama babu mai takara da kai a kansa, kuma babu mai neman sa sai wanda ya riga ya san ka.

Ɓangaren na'ura ba shi da wuyar fahimta, sakaci ne kawai ke ɓata shi. Mai gina shafi yana zaune gaban babbar kwamfuta da intanet mai ƙarfi, komai ya buɗe masa nan take. Mai saye kuwa yana kan kabu-kabu da ƙaramar waya, rezo na zuwa yana ɗaukewa, yana kuma lissafin abin da ya rage masa na data. Google ya daɗe da komawa duba fasalin waya na shafi kafin na kwamfuta, aikin da ya fara a 2018, kuma a ma'auninsa babban abin da ke shafi ya kamata ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5. Hotunan baduku kowanne ya haura megabayit 4, yadda suka fito daga kyamara aka ɗora su. Da muka matse su suka koma ƙasa da kilobayit 200 kowanne, ido bai ga bambanci ba. Gwajin da nake ba kowa shawara ba na ofis ba ne: a ɗauki wayar da ta fi kowacce tsufa a gidan, a fita bayan gari ta hanyar Mirriya, a buɗe shafin a can. Sai makullin tsaro na HTTPS, wanda Google ya sa cikin ma'aunansa tun 2014, kuma daga 2018 manhajar Chrome ke yi wa shafin da ba shi da shi tambarin rashin tsaro. Ana samun sa kyauta ta Let's Encrypt, don haka wanda ya caje ka kuɗi mai yawa a kansa ka tambaye shi na mene ne.

Ga mai otal, ko gidan abinci, ko kanti, ko makaranta, akwai abin da ya fi shafin kansa saurin kawo mutum, wato rajista a taswirar Google ta Google Business Profile, ita ma kyauta. Mu adireshinmu kwatance ne: bayan masallaci, kusa da mai shayi, gidan da ke da bedi a ƙofa. Baƙo ba ya gane wannan, amma yana gane ɗigo a taswira. A tsaya a ƙofar shagon a dasa ɗigon daidai, a sa lambar waya da +227 a gabanta don na waje ya iya kira, a sa lokutan buɗewa na gaskiya har da na Juma'a da na azumi, a kuma riƙe suna ɗaya da rubutu ɗaya a ko'ina. Na ga wurin da sunansa a allon ƙofa daban, a Facebook daban, a shafi daban. Sharhin abokan ciniki yana da tasiri, amma a roƙi waɗanda suka saya da gaske. Tara ƴan'uwa su zuba taurari biyar-biyar rana ɗaya ya saɓa ƙa'idar Google, kuma ko mai karatu yana gane yabon dangi.

Wani kuskuren ba ya nuna kansa sai an yi shekara. Sunan adireshin shafi haya ake yi, ana sabuntawa, kuma sau da yawa mai gini da sunansa da imel ɗinsa yake yin rajistar. Ranar da kuka ɓata, ko ya tafi Libiya neman kuɗi, ko ya manta bai biya ba, shafin ya mutu, duk shaidar da aka tara ta bi shi. Na baduku ma haka muka tarar, sai da aka yi ta kiran waya kafin a maido rajistar hannun jikan. Zanen aro ba ya rufe katara. Haka wanda ya sake fasalin shafi ya canza adireshin ɗakuna bai sa umarnin da ake kira turawa ta 301 mai kai baƙo daga tsohon adireshi zuwa sabo ba, kamar wanda ya tashi daga rumfarsa ne bai bar wa maƙwabta sallahu ba. Bari in faɗi wata gaskiya da masu sana'ata ba sa so: ba kowa ke buƙatar shafi ba. Cinikin garin nan yawancinsa a WhatsApp yake, kuma mai tuwo-tuwo da abokan cinikinta ƴan unguwa ne ba ta da abin yi da Google. Sai dai abin da aka sa a WhatsApp injin bincike ba ya ganin sa, bayan awa 24 ma hoton da aka ɗora a status ya ɓace. Shafi na wanda ke neman baƙon da bai san shi ba ne. In baƙon ya iso, sai maɓalli ɗaya ya kai shi WhatsApp a ƙarasa ciniki.

Yanzu kuma ga ƙirƙirarriyar basira ta shigo, ta zo da jaraba da barazana a tare. Jarabar ita ce mutum ya sa na'ura ta rubuto masa maƙala 100 a dare ɗaya, ko ya kwashi rubutun Faransanci ya tura wa injin fassara ya liƙa ba tare da ya karanta ba. Hausar da ke fitowa kowa ya san ta, kalmomin namu ne amma ƙashin ba namu ba, mai karatu na yin layi biyu ya fice. Google bai hana amfani da na'ura wajen rubutu ba, amma a watan Maris na 2024 ya sa tara rubutu barkatai don neman matsayi cikin abubuwan da yake hukuntawa, ko mutum ya rubuta ko na'ura. Barazanar kuwa, tun watan Mayu na 2024 Google ya fara sa amsar da basirarsa ta haɗa a saman sakamako, ya fara da Amurka sannan ya faɗaɗa zuwa wasu ƙasashe. Mai tambayar shekarar da aka mayar da babban birnin Nijar daga Zinder zuwa Yamai zai ga 1926 a nan take, ba sai ya shiga shafin kowa ba. Shafukan da ke rayuwa a kan irin wannan sani na kowa da kowa su ne ke cikin haɗari. Amma na'ura ba ta san nawa tsoho ke sayar da tumtum a wannan watan ba, ba ta san ko zai gama aikin kafin ranar ɗaurin aure ba, ba ta kuma iya ɗinka shi. Wanda ke neman wannan dole ya ƙaraso.

Abin da ya fi wahalar sha a duk maganin shi ne jira. Jagorar Google ta ce daga fara gyara zuwa ganin amfani yakan ɗauki wata 4 zuwa shekara 1. Mutanenmu kuwa bayan mako 3 sai su ce abin ƙarya ne su watsar, ko su riƙa canza take kullum kamar mai tone iri ya ga ko ya tsiro. Wasu kuma ma'auninsu shi ne su rubuta sunansu a wayarsu su ga sun fito, alhali sakamako yana bambanta da wurin da mutum yake da harshen wayarsa. Ma'aunin gaske yana Search Console: waɗanne kalmomi aka rubuta aka gan ka, sau nawa, mutum nawa suka shigo, daga wace ƙasa.

Bayan wata 5 na koma zauren. Jikan ya buɗe mana jerin kalmomin. Na farko Faransanci ne, masu neman tumtum na fata a Zinder, yawancinsu daga Yamai. Na biyu "jakar fata damagaram", da ƙananan haruffa, daga Nijeriya. Ba taro ba ne, ƴan gomomi ne a wata, amma mutum 3 sun yi ciniki, ɗaya ma mai kanti ce da ta sake yin oda. Can ƙasan jerin sai ga wata tambaya da ta fito sau 11 ba wanda ya shigo ta dalilinta, domin ba mu da shafi a kanta: kayan adon doki na hawan Sallah. Na karanta wa tsohon. Ya ajiye basillarsa ya ce, "Wannan ai aikin ubana ne. Na bar yi ne don na zaci babu masu nema." Ya dubi jikan. "Kai, ɗauko littafinka. Sallah saura wata nawa?"